Awon Ruwan Damina da Zafin Bazara a Zawaciki da Unguwannin Masana'antun Kano

Ruwan da Kano ke samu a shekara yakan zuba ne cikin wata huɗu zuwa biyar, daga ƙarshen Mayu ko farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Idan aka haɗa shekaru masu yawa aka fitar da matsakaici, adadin yakan tsaya tsakanin milimita 800 da 900, kuma watan Agusta ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Sauran watannin kuwa na kaka ne da hunturu da bazara, wanda ko an ga gajimare ba a cika sa masa rai ba. Wannan matsakaici yana da amfani a littafi, amma ba ya gaya wa manomin Zawaciki ko mai kula da sito a unguwar masana'antu ta Sharada abin da ya zuba a kan gonarsa ko rufinsa jiya da dare. Wannan giɓi shi ne dalilin da ya sa aikin masu bibiyar yanayi da kansu yake da daraja.

Iskoki biyu ne ke musayar ikon sararin Kano. Ɗaya busasshiya ce, tana fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce ke kawo hunturu da hazo, kuma mafi yawan ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ɗayar kuma mai laima ce, tana tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Iyakar da suke haɗuwa tana tafiya arewa sannu a hankali daga farkon shekara, ta wuce Kano a bazara, ta kai can cikin Nijar a Agusta, sannan ta juyo. Ruwa mai ƙarfi ba a kan iyakar yake sauka ba, sai a bayanta da nisan ɗaruruwan kilomita, inda iska mai laima ta yi kauri. Shi ya sa mutanen Kano kan fara jin zufa da nauyin iska makonni kafin ruwan farko.

Abin da kan ɗaure wa mutane kai shi ne, laima daga yamma take zuwa amma hadari daga gabas yake haɗowa. Dalilin yana sama. A tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai wata iska mai gudu da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a duk tsawon damina, ita ce ke tura jerin gizagizan hadari, wani lokaci daga Chadi ko yankin Borno har su ratsa Kano su nufi Sakkwato da Yamai. Kafin ruwan ya iso, iska mai sanyi da ke faɗowa daga cikin hadarin takan riga shi, ta tashi ƙura, ta kaɗa ƙofofi. Tsofaffin da ke duban gabas da la'asar ba su yi kuskure ba.

Irin wannan ruwa ba ya zuba bai ɗaya. Ana iya tafka shi a unguwar masana'antu ta Bompai har kwatoci su cika, a ta Challawa kuwa ko yayyafi ba a gani ba. Masu binciken da suka jera ma'aunai masu yawa a kewayen Yamai tun daga 1990 sun nuna cewa wurare biyu da ke da tazarar 'yan kilomita kan iya samun bambanci mai girma, ba a hadari ɗaya kawai ba, har a jimillar damina gaba ɗaya. Rubutaccen tarihin ruwan Kano ya faro tun 1905, shekara 2 bayan Turawa sun ci birnin, kuma yana cikin mafi tsawo a wannan yanki na Afirka. A yau babbar tashar Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, tana filin jirgin saman Malam Aminu Kano, a arewacin gari. Zawaciki kuwa tana Ƙaramar Hukumar Kumbotso, a kudu maso yamma, fiye da kilomita 10 daga can. Idan aka ce Kano ta samu milimita kaza, galibi lissafin filin jirgi ake nufi.

Bibiyar yanayi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamai da manoma sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimilla 365. Nasara da Ɗarfa da Jabha su ne ke faɗowa a tsakiyar damina, lokacin marka. Akwai kuma alamomin da kowa ke iya gani: dawowar shamuwa, kakkaɓewar ganyen gawo a daidai lokacin da sauran itatuwa ke toho, da juyawar iska daga gabas zuwa yamma. Da irin wannan lissafi ne manomi kan yanke shawarar yin binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, ko ya dakata sai ƙasa ta jiƙu. Lissafin yana faɗin lokaci da kyau. Abin da ba ya iya faɗi shi ne yawa, kuma nan ne ma'auni ke shigowa.

Ma'aunin ruwan sama abu ne mai sauƙi: mazurari a sama, kwalba a ƙasa, da kofin awo mai zane. Irin wanda aka gada daga Ingila yana da baki mai faɗin inci 5, wato milimita 127, ana kafa shi bakinsa na sama da ƙasa da santimita 30. Ma'anar milimita 1 ita ce lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Wanda ba shi da na saye yana iya amfani da kowane gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da shimfiɗaɗɗen gindi, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, ya tsoma rula ya karanta zurfin ruwan. Bokiti mai faɗin baki da tsukakken gindi ƙarya yake bayarwa, domin zurfin ruwan da ya taru a cikinsa ya fi ainihin ruwan da aka yi.

Wahalar ba a kayan take ba, tana wajen kiyaye ƙa'ida. Dole a ajiye ma'aunin a fili, nesa da bango ko bishiya da aƙalla ninki 2 na tsayinsu, in da hali ninki 4, kuma kada ya kasance kusa da indararo. Ana karantawa sau ɗaya a rana, da safe, a sa'a ɗaya kullum, kafin rana ta ƙafar da wani abu, sannan a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, domin layin da aka bari fayau ba ya nuna ko ruwa ne bai zo ba ko mai awon ne ya yi tafiya. Wannan ƙaramar ƙa'ida ta fi duk sauran muhimmanci, saboda tsawon kwanakin da ruwa ya ɗauke bayan shuka shi ke kashe gero da dawa, ba ƙarancin jimillar shekara kaɗai ba. Littafin da ba ya nuna ranakun fari rabin labari ya rubuta.

A unguwannin masana'antu lissafin yakan ɗauki wata fuska. Rufin kwano mai murabba'in mita 1,000, wanda ba wani babban sito ba ne a Sharada ko Bompai, idan aka yi ruwan milimita 50 zai zubar da lita 50,000, wato jarka 2,000 masu cin lita 25, kuma sau da yawa cikin sa'a ɗaya ko biyu. A gona ƙasa za ta shanye kaso mai yawa. A kan siminti da kwalta kusan duka zai gangara kwata. Yankin Kumbotso, da ya kasance gonaki a da, yanzu gidaje da ma'aikatu sun cinye yawancinsa, har da tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairun 2023. Ruwan da a shekarun baya ba ya tayar da hankalin kowa yana iya mamaye titi a yau, ba don ya ƙaru ba sai don ya rasa inda zai nutse.

Inda ruwan ke zuwa ma abin lura ne. Birnin Kano ya kasu gida biyu ta fuskar gangare. Ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya nufi madatsar Wasai. Na Sharada yana bin Salanta, shi da na Challawa su shiga Kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Ruwan farko na damina shi ke wanke abin da ya taru a magudanu tsawon rani, har da dagwalon majemu da masaƙu, ya kai shi inda masu lambu ke ban ruwa. Saboda haka ranar ruwan farko mai ƙarfi da adadinsa bayani ne da masu lambu da masu kula da tsaftar ruwan sha suke bukata. Su kuma masu ajiyar fata da riɗi da zoɓo, laimar iska ce damuwarsu, domin a Agusta ne kaya ke yin fumfuna idan sito ba ya shan iska.

Awon zafi ya fi na ruwa saurin ruɗarwa. Afrilu ne watan da ya fi zafi a Kano, kuma ba abin mamaki ba ne rana ta haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15. Waɗannan alƙaluma na iskar inuwa ne. Tashoshin hukuma suna sa ma'aunin cikin farin akwatin katako mai tagogi, sama da ƙasa da mita 1.25 zuwa 2, don iska ta ratsa amma rana kada ta taɓa shi. Wanda ya rataye nasa a jikin bangon da rana ke duka, ko a ƙarƙashin kwano, zafin bangon ya auna. Duk da haka wannan awon na biyu ba shirme ba ne idan an rubuta inda aka yi shi, domin shi ne zafin da lebura ke aiki a cikinsa. Kwano da kwalta suna riƙe zafi su sake shi da dare, shi ya sa dare a tsakiyar ma'aikatu ya fi na ƙauye tsanani. Makonnin da suka fi hatsari su ne na ƙarshen bazara, lokacin da laima ta iso amma ruwa bai sauka ba, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. A ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, a wani zafi da ya game yankin Sahel cikin watan azumi.

Iskar hadari kuwa ta fi ɓarna a farkon damina, lokacin da ƙasa ke bushe kuma zafi ya kai ƙarshe. Ita ce ke yaye kwano da karya turakun lantarki. Mai awo na gida ba shi da na'urar auna gudunta, amma zai iya rubuta sa'ar da ta taso, ɓangaren da ta fito, da irin abin da ta kayar. Nisan tsawa ma ana iya ƙiyasta shi: a ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙararta, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce.

Amfanin rubutu yana fitowa ne idan shekaru suka taru. Kafin ma'auni ya yaɗu, da sunan yunwa ake tuna munanan shekaru, kamar Kakalaba ta wajajen 1914 da 'Yan Buhu ta 1927. A 1973 ruwan da aka auna a Kano bai kai milimita 500 ba, fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, sai kuma a Agustan 1988 aka yi ruwan da ya fasa madatsar Bagauda ya rushe gidaje masu yawa. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ma'anarsa ita ce ruwan ya dawo bayan shekarun fari, amma yana zuwa ne a dunƙule, da ƙarfi.

A wasu ƙasashe 'yan sa-kai ne suka cike giɓin tashoshi. A Ingila George James Symons ya fara tattara alƙaluman masu awo a gidajensu tun 1860. A Amurka, ambaliyar Fort Collins ta 1997 ta nuna cewa tashoshin hukuma ba su ga inda ruwan ya fi zuba ba, sai aka kafa ƙungiyar CoCoRaHS a 1998, wadda yau take da dubban masu awo. Misalin da ya fi kusa shi ne na Mali, inda tun 1982 hukumar yanayi ta riƙa ba manoma ma'aunai tana aika musu shawarar lokacin shuka ta rediyo. Shirin TAHMO kuma yana kafa tashoshi masu aiki da kansu, yawanci a makarantu, da burin kai wa 20,000 a Afirka.

NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa a kowace ƙaramar hukuma. Wayoyin hannu ma suna nuna hasashen gobe, sai dai yawancinsa lissafin kwamfuta ne da ke ɗaukar yanki mai faɗi a matsayin wuri guda, kuma ya fi rauni a kan irin hadarin da ke haɗuwa cikin sa'o'i kaɗan. Babu hanyar sanin ko hasashe ya yi daidai a Zawaciki sai da awon da aka yi a Zawaciki. Hukumar Yanayi ta Duniya tana ɗaukar shekara 30 kafin ta kira adadi matsakaicin wuri, amma littafin damina 3 ko 4 da aka cika ba tsallake ya isa ya nuna wa makaranta ko ma'aikata yawan ruwan da ke cika kwatar ƙofarta, da makon da ya kamata a gama yashe ta.