Sahibul Barid: Idon Halifa a Kan Gwamnoninsa

A lokacin da Halifa Abu Ja'afar Al-Mansur ya kafa birnin Bagadaza a shekara ta 145 bayan Hijira (762 Miladiyya), daular Abbasiyya ta shimfiɗu daga arewacin Afirka har zuwa Khurasan. Gwamnan da ke zaune tafiyar makonni daga fadar halifa yana iya zama sarkin kansa: ya ƙara haraji, ya danne talaka, labari bai isa fada ba sai bayan aikin gama ya gama.

Maganin da Al-Mansur ya dogara da shi shi ne Barid. A zahiri ma'aikatar aika saƙo ce, da zango-zango a kan manyan hanyoyi inda manzo ke sauya abin hawa ya ci gaba. Amma shugabanta a kowane lardi, wato Sahibul Barid, ba ya ƙarƙashin gwamna. Halifa yake rubuta wa kai tsaye. Imam Ɗabari ya ruwaito cewa rahotannin sun ƙunshi farashin alkama da sauran kayan abinci, da hukuncin da alƙali ya yanke, da abin da ya shiga baitulmali, da take-taken gwamnan kansa. In farashi ya tashi, sai halifa ya aika a bayyana masa dalili. Mai karatu ya lura: kuɗin hatsi a kasuwar lardi abu ne da shugaban daula ke bibiya da kansa.

Wani gwamnan Hadramaut ya ɗanɗana kuɗarsa. An kai rahoton cewa ya shagala da farauta da karnuka da shahunan da ya tanada, Al-Mansur ya tuɓe shi, domin amanar jama'a aka ba shi ba ta namun daji ba.

Sai dai tsarin yana da kafar da ɓarna ke shiga, kuma malamin fiƙihu ne ya nuna ta. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, Allah Ya jiƙansu, ya gargaɗi Haruna Rashid a cikin Kitabul Kharaj cewa masu Barid kan haɗa baki da gwamnoni su ɓoye zaluncin da ake yi wa talakawa, wani lokaci kuma su rubuta abin da bai faru ba. A ganina nan ne matsalar ta fi tsanani, domin shaidar mutum ɗaya na iya tuɓe adali ta bar azzalumi a kujera. Shawarar Abu Yusuf ita ce a zaɓi amintattun mutane daga kowane gari, a yanka musu albashi daga baitulmali, wanda kuma aka kama ya ɓoye labari ko ya ƙara a kansa a hukunta shi.