Matilda A Kan Dandamali: Wasan Da Ba A Cewa "A Sake Ɗauka"

Da yawanku kun kalli fim ɗin Matilda na 2022 a Netflix, wanda yara 'yan makaranta ke rawa da waƙa cikin jerin gwano kamar sojoji. Abin da wasu ba su sani ba shi ne, wasan daɓe ne aka mayar fim, kuma har yanzu ana yin sa a Landan gaban 'yan kallo. Turawa suna ce wa irin wannan wasa miyuzikal, wato wasan kwaikwayon da waƙa ke ɗauke da labarin. To yau bari mu duba yadda ake yin sa, da abin da ya bambanta shi da waƙar fim da muka saba da ita.

Asalin labarin littafin yara ne na Roald Dahl, marubuci ɗan Birtaniya, wanda ya fito a 1988. Matilda yarinya ce 'yar shekara 5 mai kaifin ƙwaƙwalwa da son karatu, amma iyayenta ba su san darajarta ba. Babanta dillalin tsofaffin motoci ne mai ha'inci. A makaranta kuma ta haɗu da shugabar makaranta Miss Trunchbull, tsohuwar gwanar jifan guduma, wadda ke kulle yara a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki mai ƙusoshi. Malama guda ce ta gane baiwar yarinyar, Miss Honey.

Kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare Company ne ya mayar da littafin wasan daɓe. Dennis Kelly ya rubuta wasan, Tim Minchin ɗan Ostareliya ya yi waƙoƙin da kiɗan, Matthew Warchus ya ba da umarni. An fara nuna shi a garin Stratford-upon-Avon a ƙarshen 2010, ya koma gidan wasa na Cambridge Theatre a Landan a 2011, sannan ya tsallaka Broadway a Amurka a 2013. A 2012 ya lashe kyautar Olivier guda 7, kuma kafin shi babu wasan da ya taɓa kwasar haka a dare ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mu a finafinanmu, da na Indiya da muka taso da su, mawaƙi ne ke shiga situdiyo ya rera, jarumi kuma ya bi da baki. Muryar Nura M. Inuwa kake ji, fuskar wani kake gani. Haka Lata Mangeshkar ta yi shekaru tana ara wa jarumai mata murya a Indiya. A dandamali babu wannan. Wanda ka gani shi ne yake rerawa a daidai lokacin, da ɗan ƙaramin makirufo manne a goshinsa, makaɗa kuma suna kaɗawa kai tsaye. Idan numfashi ya ƙare wa yarinya bayan ta yi tsalle, kowa zai ji. Idan ta manta baiti, babu darakta da zai ce a tsaya a sake ɗauka. Mutum sama da 1,000 ne ke zaune suna kallonta, wasan kuma ya kai wajen awa biyu da rabi har da hutun da ake yi a tsakiya.

Shi ya sa yarinya ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ita kaɗai. Dokar Birtaniya ta ƙayyade yawan aikin da yaro zai yi a dandamali, ga kuma karatu da ba a yarda ya bari ba. Don haka karɓa-karɓa ake yi. Lokacin da aka buɗe a Landan yara huɗu ne ke fitowa a matsayin Matilda: Cleo Demetriou, Kerry Ingram, Sophia Kiely da Eleanor Worthington Cox, kuma su huɗun tare aka ba kyautar gwarzuwar jaruma. Kenan wanda ya kalla ranar Talata da wanda ya kalla ranar Asabar, wataƙila ba Matilda ɗaya suka gani ba.

Wani abin mamakin kuma, namiji ne ke fitowa a matsayin Trunchbull. Bertie Carvel ne ya fara, an yi masa ƙirji da kafaɗu na cuse, yana magana a hankali da siririyar murya mai sa tsigar jiki tashi. A fim ne aka ba Emma Thompson.

Sai batun dabaru. A fim kwamfuta ce ke gyara komai, nan kuwa ido na ganin ido. Akwai wurin da Trunchbull ke kama wata yarinya ta kitso, ta wulwula ta, ta yi jifa da ita, can sai a ga ta faɗo daga sama yara sun cafe ta. Akwai yaron da aka tilasta wa cinye ƙaton kek shi kaɗai. Akwai allin da ke rubutu da kansa a jikin allo. Paul Kieve, ƙwararren mai tsara rufa-ido, shi ya haɗa su. Dandamalin kansa cike yake da katakai masu haruffa, aikin Rob Howell, har ka zauna kana haɗa kalmomi da ido kafin a fara.

Amma babban darasin, a ganina, yana cikin waƙoƙin. Ku ɗauki waƙar shiga makaranta: manyan ɗalibai suna tsoratar da sababbi, kuma an ɓoye haruffan A zuwa Z a jere cikin kalmomin, ana cusa katakon kowane harafi a jikin ƙyauren makaranta lokacin da aka furta shi. Kafin waƙar ta ƙare ka riga ka san makarantar kurkuku ce, ba tare da wani ya tsaya yi maka bayani ba. Haka waƙar lilo bayan hutu, inda yara ke shawagi suna mafarkin girma, sai Miss Honey ta shigo, babba ce amma har yanzu tsoron Trunchbull take ji. Cire waƙar nan, labarin ya samu giɓi.

Ku kwatanta da abin da muke yawan ƙorafi a kai. Sau nawa kuka tura fim gaba saboda an yanke labari an tafi lambu ana rawa, aka dawo ba abin da ya canza? Laifin ba na waƙa ba ne fa, mawaƙanmu gwanaye ne. Matsalar ita ce sau da yawa waƙar daban, labarin daban. A Matilda marubucin wasa da marubucin waƙa aiki ɗaya suke yi, kowace waƙa tana da nauyin da aka ɗora mata.

Gaskiya ne kuɗin tikiti da na jirgi ba na kowa ba ne, kuma an hana ɗaukar bidiyo a cikin gidan wasan. Amma fim ɗin 2022 Warchus ɗin nan ne dai ya ba da umarninsa, da yawancin waƙoƙin Minchin, Alisha Weir a matsayin Matilda, Lashana Lynch kuma Miss Honey. Ku sake kallonsa, kuma duk waƙar da ta zo ku tambayi kanku: me na sani yanzu wanda ban sani ba kafin a fara ta? Daga nan ku gwada tambayar a kan fim ɗin Hausa na gaba da za ku kalla. Ku faɗa mini wane fim ne namu ya ci wannan jarrabawar, domin akwai su.