Sare Bishiya Da Datse Reshe: Aiki Ne Mai Bukatar Sani Da Kayan Aiki Nagari

Duk shekara idan bazara ta kama, hadarin farko yakan zo da iska mai ƙarfi, kuma da wuya damina ta kankama ba a ji labarin bishiya ta faɗa kan ajin makaranta ko ofis ko motar wani ba. Itatuwan da ke yin wannan ɓarna sanannu ne gare mu. Akwai darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, akwai kuma maɗaci da mangwaro, waɗanda aka daddasa a bakin tituna da harabar ma'aikatu tun zamanin En'e. Ita darbejiya asalinta daga yankin Indiya ne, an kuwa fara dasa ta a Lardin Barno a shekarar 1928, daga nan ta bazu ko'ina. Da yawa daga cikin waɗannan itatuwa yanzu sun tsufa, rassansu sun yi nauyi, gara kuma ta cinye cikin wasu. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa alhakin kula da harabar makaranta ko ma'aikata ya kamata ya san yadda ake gyaransu, domin kuskure a wannan aiki yakan jawo hasarar bishiyar, wani lokaci ma har da rai.

A FARA DA DUBAWA

Kafin a ɗauko gatari ko inji, sai a zagaya bishiyar a dube ta da kyau. Reshen da ya bushe alhali sauran suna da ganye, da tsagewa a inda manyan rassa biyu suka rabu, da kogo, da lemar kwaɗi a gindi, duk alamu ne na ruɓa. A ƙwanƙwasa jikinta da ƙeyar gatari. In ta yi amo kamar ganga, to, cikinta ya zama fanko. A kuma lura ko ƙasa ta ɗaga ta gefe guda, musamman inda aka yanke saiwoyi wajen haƙa kwata ko aza harsashin katanga, gama irin wannan bishiya ita ce iska ke tumɓukewa ɗungum.

Lokacin da ya fi dacewa da gyara shi ne ƙarshen rani, kafin iskar bazara ta taso. Mangwaro kuwa sai an gama tsinke 'ya'yansa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassa masu ganye a shekara guda. Al'adar nan ta aske kan bishiya ƙwal a bar kututture tsaye ba ta da kyau ko kaɗan. Dalili kuwa shi ne, tohon da zai fito daga baya a fatar itacen kawai yake maƙale, in ya yi 'yan shekaru ya yi nauyi shi ne zai fara karyewa.

YADDA AKE DATSE RESHE

Babban reshe sau uku ake yanka shi. Da farko a auna kamar santimita 30 daga jikin bishiyar, a yanka ta ƙasa har zarto ya ci sulusin kaurin reshen. Sa'an nan a ɗan matsa gaba kaɗan a yanka ta sama har reshen ya faɗi. Amfanin yankan farko shi ne hana reshen ya ɗaye ɓawon bishiyar yayin da yake faɗuwa. Na uku, a cire guntun da ya rage, amma a tsaya daidai bayan kumburin nan mai kama da wuyan riga da ke gindin kowane reshe.

Wani masanin itatuwa na Hukumar Gandun Daji ta Amurka mai suna Alex Shigo, wanda ya yi shekaru yana tsaga itatuwa yana nazarin cikinsu, ya nuna a shekarun 1970 cewa bishiya takan killace wurin da aka ji mata ciwo don kada ruɓa ta shiga cikinta, kuma wannan kumburi na gindin reshe shi ne ke rufe bakin yankan. Wanda ya shafe shi daidai da jikin bishiyar ya buɗe wa ruɓa ƙofa ke nan. Bincike ya kuma tabbatar da cewa shafa fenti ko kwalta ko baƙin mai a kan yankan ba ya hana ruɓa, sau da yawa ma damshi yake tarawa. A bar wurin ya sha iska.

Reshen da bai wuce kaurin damtse ba, zarton hannu ya ishe shi, ya kuma fi adda, domin adda tana farfasa bakin itacen. Kada a hau tsani riƙe da zarton inji. In kuwa rassan sun kusa wayar lantarki, sai a sanar da kamfanin rarraba wuta ya ɗauke wutar tukuna.

ZARTON INJI DA KULAWA DA SHI

Wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a shekarar 1926, a 1929 kuma ya fito da mai shan fetur. Na farkon sai mutum biyu ke iya ɗaukarsu. Na yau mutum ɗaya ke riƙewa, amma sarƙarsa tana gudun wajen mita 20 a daƙiƙa guda, watau kafin mutum ya janye hannu ta riga ta gama aikinta.

Mafi yawan waɗannan injuna ba su da wurin zuba baƙin mai dabam, a cikin fetur ake gauraya musu man da aka yi dominsu. Gwargwadon da yawancin kamfanoni suka ƙayyade a yau shi ne kashi ɗaya na mai cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 a lita 5. A gauraya a cikin jarka mai tsabta, kada kuma a haɗa fiye da abin da za a ƙarar cikin wata guda. Tsagwaron fetur yakan ƙone inji cikin 'yan mintoci. Akwai kuma ƙaramin tanki na man sarƙa, wanda za a cika duk sa'ad da aka zuba fetur. Masu neman sauƙi sukan zuba masa ƙonannen man mota, amma araha ba ta ado: ɓarɓashin ƙarfen da ke cikinsa yana cinye famfon mai da sarƙar baki ɗaya.

A lokacin hunturu ƙura tana toshe matatar iska, saboda haka a wanke ta kowace rana bayan an tashi daga aiki. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya-manya take fitarwa. Da zarar an ga tana fitar da gari mai laushi, ta dakushe. A wasa ta da magagari mai zagaye wanda ya yi daidai da girman haƙoranta, a goga kowane haƙori sau daidai da ɗan'uwansa. Kada a bari ta taɓa ƙasa ko yashi, a kuma yi hattara da ƙusoshin da masu tallace-tallace ke kafawa a jikin itatuwan gari.

Babban hatsarin wannan inji shi ne ƙauri. In saman hancinsa ya taɓa wani abu, sai ya yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi. Maganinsa shi ne a riƙe da hannu biyu, kada a yi yanka da hancin, kada a ɗaga injin sama da kafaɗa, kuma kada a saya ko a yi hayar wanda birkin sarƙarsa ba ya aiki. Hular kwano da tabarau da safar hannu da takalma masu hancin ƙarfe wajibi ne. Haka ma abin toshe kunne, domin ƙarar injin tana kurmantar da mutum sannu a hankali.

IDAN KAYARWA TA ZAMA DOLE

A fara neman izini daga malamin daji na ƙaramar hukuma, gama dokokin jihohi sun hana sare itatuwa barkatai. A kori jama'a, musamman yara 'yan kallo, su yi nisan da ya kai tsawon bishiyar sau biyu. Mai yanka ya share wa kansa hanyar gudu ta baya a karkace. Sai ya yanke baki a ɓangaren da ake so ta faɗa, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin. Daga nan ya koma baya ya yanka, amma kada ya ratsa har ya iske bakin. Ya bar tsakani kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin. Wannan ɗan abin da aka bari shi ne ke riƙe bishiyar ya bi da ita inda aka nufa, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa. In ta ƙi tafiya, a buga weji na roba ko na itace a cikin yankan.

ƊAUKAR GUMAGUMAI

Ɗanyen itace yana da nauyin da ido ba ya gani. Gungumen da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne ya kai mita guda yakan kusanci tan ɗaya, wanda shi ne iyakar abin da yawancin motocin akori-kura ke ɗauka. A ɗaure kaya da sarƙa ko ɗamara mai ƙarfi, a rataya jan ƙyalle a kan abin da ya zarce bayan mota. In da tarakta za a ja gungume, a maƙala sarƙar a ƙarfen ja na ƙasa kaɗai. Wanda ya ɗaura ta sama da gatarin ƙafafun baya, tarakta na iya miƙewa ta kife a kansa cikin ƙiftawar ido.

Ya kamata shugabannin ma'aikatu da na makarantu su sa kuɗin wannan aiki cikin kasafinsu na shekara, su kuma tura leburorinsu horo. Muna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos, da wadda ke koyar da aikin daji da na'urori a Afaka kusa da Kaduna, dukansu a ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan. Ɗalibai kuma su sani cewa wannan sana'a ce mai ci, wadda ƙwararrunta ba su da yawa a garuruwanmu. Har wa yau, duk bishiyar da aka kayar a dasa wasu a madadinta da farkon damina, a kuma riƙa gyara musu rassa tun suna ƙanana da zarton hannu, domin tun icce yana ɗanye ake tanƙwara shi.