Maganar lafiya a bakin rijiya

Yara, kun san mai shela da yake kewaya gari yana faɗin ranar allurar rigakafi. Kun kuma ji rediyo yana gargaɗi a kwana cikin sange. Amma ma'aikatan lafiya ba sa daɗewa a ƙauye. Sukan yi kwana ɗaya ko biyu, su wuce. Bayan tafiyarsu sai magana ta koma bakin mutanen gari: mata a bakin rijiya da wurin daka, maza a fada da ƙofar masallaci. A nan ne ake karɓar saƙo ko a ƙi shi.

Ga misali. Likita ya ce a ba jariri nono zalla har wata 6, kuma kada a zubar da dakashi, wato nonon farko. Maijego ta ji, ta yarda. Da ta koma gida, uwar mijinta ta ce ƙishirwa za ta wahalar da yaro, a ba shi ruwa da bauri. Yarinya ba ta iya musu da surukarta. To, amma in maƙwabciya ta nuna wa tsohuwa nata ɗan, ɓulɓul da shi, bai sha komai ba sai nono, kuma ba ya zawo, sai tsohuwa ta sake tunani.

Saboda haka ne a shekarar 2015 aka gwada wata dabara a ƙauyukan Agye da Gidan Runji, cikin jihar Maradi. An shirya gajerun finafinai da Hausa a kan wanke hannu da sabulu da ciyar da yara. Ƴan wasan ba baƙi ba ne, mutanen karkara ne. Bayan kallo, akan zauna a tattauna. Wadda ta gani takan ba kishiyarta labari, miji kuma ya kai maganar fada. Ta haka saƙo yake isa gidan da ba su je kallo ba.

Hira tana gyara, tana kuma ɓatawa. A shekarar 2003 jita-jita ta bazu a arewacin Najeriya cewa maganin shan inna yana hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa 2004. Ciwon ya tsallaka iyaka, ya gurgunta yara a ƙasashe da dama. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, iyaye suka sake buɗe ƙofofinsu. A 2020 aka ba da sanarwar kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Mu da muke cin kasuwa ɗaya da Katsinawa, daga Gazawa har Gidan Runji, labari ba ya wuyar iso mana, na gaskiya da na ƙarya.

Ku ma kuna da baki a cikin wannan hira. In kun ji magana a kan magani ko allura, ku tambaya: wa ya faɗa? Ya gani da idonsa? In abin ya shige muku duhu, ku tambayi malaminku ko ma'aikacin lafiya kafin ku kai ta gaba. Abin da kuka koya a lakwal kuma, ku faɗa wa inna da kaka cikin ladabi.

Tambayoyi
1. A ina ake hira a garinku?
2. Me ya sa tsohuwa ta sake tunani?
3. Wace ɓarna jita-jita ta yi a 2003?

Aiki
Ku tambayi kakarku abin da ake ba jariri a zamaninta. Ku rubuta amsarta cikin layi 5.