Hannu da gashin kai

A kowane aji akwai yaran da hannunsu ba ya rabuwa da kansu. Wani sai ya fara susa in malam ya yi masa tambaya. Wata tana lissafi tana murɗa jelar kitsonta. Wani kuma yana cizgar gashinsa sili-sili. Yawancinsu ba su san suna yi ba, sai an faɗa musu. Abin ya zame musu sabo, kuma sabo ne mai ɓata gashi.

Gashi yana fitowa daga cikin fatar kai, kamar yadda hatsi yake fitowa daga ƙasa. Kowane sili yana da saiwarsa cikin wani ɗan rami. Saiwar ce mai rai. Abin da ake gani a waje ba shi da rai, shi ya sa aski ba ya da zafi, amma cizga tana da zafi. A kan mutum guda akwai sili wajen 100 000. Tsawon gashi yana ƙaruwa da kusan santimeta 1 a wata. Ke nan, gashin da ya kai santimeta 10 ya yi wajen shekara guda yana girma. In fata ta ji ciwo tana warkewa. Gashi kuwa, in ya karye ya karye ke nan, sai a jira wani.

Gashin baƙar fata a nannaɗe yake, kuma duk inda sili ya lanƙwashe, nan ne ba shi da ƙarfi. Fatar kai tana fitar da wani maiƙo mai tausasa gashi, amma maiƙon ba ya saurin kaiwa ƙarshen silin da yake a nannaɗe. Saboda haka gashin yake yawan bushewa, balle lokacin ɗari, sa'ad da iskar hunturu take kaɗawa da ƙura. Wanda ya taɓa lanƙwasa busasshen kara ya san abin da yake faruwa: sau biyu ko uku, sai ya ɓalle. Haka yatsa yake yi wa busasshen gashi in yana murɗa shi kullum.

Kowace rana sili 50 zuwa 100 suna zuba da kansu, wasu su maye gurbinsu. Wannan ba ciwo ba ne. Amma in ana jan gashin wuri guda wata da watanni, saiwar tana gajiya, wani lokaci ma ta mutu, wurin ya zama sanƙo. Kitso mai tsauri shi ma haka yake yi wa gashin goshi. In kitso ya hana yarinya barci, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin gashinta, to ya matse da yawa. Sai a roƙi makitsiya ta sassauta.

Hannun ɗan makaranta yana taɓa allo da alli, ya taɓa ƙasa, ya taɓa kuɗi da dabbobi. Dauɗar tana maƙalewa cikin farce. In yaro ya sosa kai da ƙarfi, farcen yana karce fata, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya yi mugunya. Ta hannu kuma makero yake samun hanya. Makero, wanda ake ce wa « la teigne » da Faransanci, yana yin tabo zagayayye mai fari-fari, gashin wurin ya kakkarye. Yaro ya sosa tabon, ya sosa wani gefe, ya dafa kan abokinsa. Mataji da hula da askar wanzami su ma suna ɗaukarsa daga wannan kai zuwa wancan. Shafa toka ko baƙin man mota ba ya kashe makeron kai. Maganinsa na sha ne, a gidan likita ake ba da shi, kuma ana yin makonni ana shansa.

Sau da yawa ƙaiƙayi ne yake kiran hannu. To, ƙaiƙayi yana da dalili. Ko amosani ne, ko makero, ko kwarkwata. Kwarkwata, « le pou », girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ƙafafunta 6, ba ta tashi, ba ta tsalle, rarrafe take yi in kai ya haɗu da kai. Tana shan jini, yawunta ne yake sa ƙaiƙayi. Tana manna ƙwanta a gindin gashi, ya ƙyanƙyashe bayan kwana 7 zuwa 10. Susa ba ta korar ta. Kuma ba abin kunya ba ne, don tana shiga har kan mai tsabta. Babban haɗari shi ne a shafa wa yaro kananzir ko maganin ƙwarin gona. Waɗannan guba ne, suna ƙona fata, suna iya kashe yaro. Sai babba ya duba kan da rana, inda akwai haske, a nemi magani a gidan likita.

In an duba babu cuta, saura sabo. Duka da dariya ba sa raba yaro da shi, sai dai su koya masa ɓoyewa. Da farko yaron ya lura da lokacin da hannunsa yake tashi: wajen lissafi ne, ko in ya gaji, ko in tsoro ya kama shi? Sa'an nan ya ba hannun wani aiki. A aji, hannu guda ya riƙe alkalami, gudan ya dafe littafi. A gida akwai ɓarar gujiya da tufkar igiya. Abokin zamansa yana iya taimakonsa: in ya ga hannun ya nufi kai, sai ya ɗan taɓa masa gwiwar hannu, ba tare da magana ba. Ba a rana guda ake bari ba, abin yana ɗaukar makonni. Yaron da yake cizgar gashinsa har fata ta bayyana, sau da yawa wani abu ne yake damun ransa. A zauna da shi a ji damuwarsa, a kai shi likita.

Kan da aka kula da shi bai cika ƙaiƙayi ba. A yanke farce. A wanke kai da sabulu a kalla sau guda a mako, a ɗauraye sosai, a shafa ɗan man kaɗanya. Kowa ya riƙe matajinsa da hularsa ko kallabinta. In za a taje gashi, a ɗan jiƙa shi tukuna, a fara daga ƙarshensa a gangara zuwa gindi a hankali.