Wasa Ƙwaƙwalwa na Tsarin Zama a Jarrabawar Shiga Aikin Banki a Indiya

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin wani nau'in wasa ƙwaƙwalwa da ake kira tsarin zama, wanda ya zama ƙadangaren bakin tulu ga matasan ƙasar Indiya masu neman aikin banki. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan sha'ani. Amsar ita ce, ko da yake a fuska abin ya yi kama da lissafi, gindinsa harshe ne, watau sanin abin da ake nufi da dama da hagu da tsakani, da kuma iya rarrabe abin da jimla ta faɗa daga abin da mai karatu ya ɗora mata.

A shekarar 1969 ne gwamnatin Indira Gandhi ta mayar da manyan bankuna 14 mallakar hukuma, sa'an nan ta ƙara wasu 6 a 1980. Tun daga nan aikin banki ya zama kamar aikin gwamnati, mai albashi tsayayye da daraja a idon jama'a, saboda haka masu nemansa suka yi yawa ƙwarai. Cibiyar da ake kira IBPS, wadda take birnin Mumbai, ta tsaya da ƙafafunta a 1984, kuma daga 2011 ta fara shirya jarrabawa ta bai ɗaya domin bankunan hukuma. A 2023 bankuna 11 ne suka ɗauki ƙananan hafsoshinsu ta wannan hanya. Dubban ɗaruruwan masu digiri ne suke zama jarrabawar, alhali guraben ba su wuce 'yan dubbai ba.

A zagayen farko na jarrabawar ta 2023 tambayoyi 100 aka bayar cikin awa ɗaya. Daga ciki 35 na auna tunani ne, kuma minti 20 kacal aka keɓe musu, watau kimanin sakan 34 ga kowace tambaya. Kowace tambaya tana da zaɓi biyar, kuma duk wadda aka amsa ba daidai ba ana zaftare rubu'in makinta. Wannan ƙa'ida ba a banza aka yi ta ba. Wanda ya yi shaci-faɗi a tambayoyi biyar, bisa ƙiyasi zai dace da ɗaya ya sami maki guda, ya faɗi huɗu a zaftare masa maki guda, ya tashi a tutar babu.

Yadda abin yake

Akan ce mutane kaza, galibi takwas, suna zaune a layi ko kewaye da tebur, a sa musu haruffa maimakon sunaye. Sai a kawo sharuɗɗa shida ko bakwai a warwatse, a biyo su da tambayoyi kamar biyar waɗanda duk suka dogara ga gano mazaunin kowa. A nan haɗarin yake, domin wanda ya zaunar da mutum ɗaya a kujerar da ba tasa ba yana iya rasa makin tambayoyin duka, a kuma ci shi tara a kai.

Ga misali. Mutane takwas, daga A zuwa H, sun kewaye tebur suna fuskantar tsakiya. C ba ya maƙwabtaka da A ko B. G ba ya maƙwabtaka da F. B shi ne na uku a hagun A. Mutum ɗaya ne tak tsakanin B da D. E yana dab da D ta hagunsa. F yana fuskantar E.

Idan babu wani sharaɗi, hanyoyin da za a iya zaunar da mutum takwas a da'ira sun kai 5,040. Aikin mai warwarewa shi ne ya yi ta rage wannan adadi har ya koma ɗaya. Sabon shiga yakan fara da sharaɗin farko don kawai shi ya fara gani, amma wanda ya goge yakan tsallake shi, saboda sharaɗin da ya ce wane ba ya wuri kaza ba shi da amfani muddin kujeru suna fanko. Sai ya nemi wanda ya ƙulla mutum biyu ƙulli tabbatacce. Ya zana da'ira, ya ɗora A a ƙasanta, ya kira kujerarsa ta 1, ya ci gaba da ƙirga sauran ta hagun A har zuwa ta 8. B ke nan yana kujera ta 4, kuma da wannan kaɗai hanyoyin sun ragu zuwa 720.

Sharaɗin D shi ne mai raba hanya, domin bai faɗi ɓangare ba. D yana iya zama a ta 2 ko a ta 6. Ba daidai ba ne a zaɓi ɗaya a bi da fatan dacewa. Abin da ya kamata shi ne a zana da'ira biyu a tafi da su tare. A ta farko D yana ta 2, E yana ta 3, F da yake fuskantarsa yana ta 7. A ta biyu D yana ta 6, E yana ta 7, F yana ta 3. Zuwa nan hanyoyi 12 suka rage, shida a kowace da'ira.

Yanzu ne sharaɗin da aka ajiye zai yi rana. A da'ira ta biyu kujerun da suka rage su ne ta 2 da ta 5 da ta 8. Ta 2 da ta 8 suna jikin A, ta 5 kuwa tana jikin B, ashe C ba shi da mazauni, don haka wannan da'ira ta rushe. A ta farko saura ta 5 da ta 6 da ta 8, kuma ta 6 ce kaɗai ba ta taɓa A ko B ba, sai C ya zauna a can. Da yake ta 8 tana jikin F, G ba zai zauna a kanta ba, sai ya koma ta 5. H, wanda ko sau ɗaya ba a ambace shi cikin sharuɗɗan ba, ya gaji kujerar da ta rage. In aka tambayi mai fuskantar A, G ne. In aka ce wane ne na biyu a daman C, B ne.

Dama da hagun wa?

Mutumin da yake fuskantar tsakiyar da'ira, hagunsa yana bin yadda hannun agogo yake tafiya, damansa kuwa yana saɓa masa. In ya juya wa tebur baya, al'amarin ya juye. Dalilin da ya sa ake fara ɗora mutum a ƙasan takarda shi ne, a wannan wuri kaɗai hagunsa da damansa suka yi daidai da na mai zanen. Wanda yake saman da'ira kuwa hagunsa yana daman mai kallo, kamar yadda ake gani in mutum biyu suna gaisawa.

Wani abin sha'awa shi ne, wanda ya juya dama da hagu tun daga farko har ƙarshe ba zai faɗi ba. Zanensa zai fito kamar hoto a madubi, amma amsoshinsa za su yi daidai. Mai faɗuwa shi ne wanda ya yi aiki da hagun mutumin a sharaɗi ɗaya, ya koma hagun takarda a wani. Gaggawa ita take jawo haka, musamman a irin tambayar da wasu suke fuskantar ciki wasu waje.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga masu nazarin Hausa. Clifford Hill na Jami'ar Kolombiya ta Amurka ya yi bincike a kansa cikin shekarun 1970, ya kuma buga kwatancin Hausa da Ingilishi a 1982. Ya nuna cewa idan abu ba shi da fuska ta kansa, kamar ƙwarya, Bahaushe yakan ɗauka yana duban inda shi ma yake duba, don haka cokalin da yake can ƙetaren ƙwarya sai ya ce yana gabanta. Mai jin Ingilishi kuwa yakan ɗauka ƙwaryar tana fuskantarsa, sai ya ce cokalin yana bayanta. Wannan ya isa shaida cewa kalmomin jiha ba su da ma'ana tsayayya sai an san idon wa ake kallo da shi. Tsarin zama yana tilasta wa ɗalibi ya bar nasa idon ya ari na mutum takwas, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wasu tarkuna na lafazi. Na uku a hagun A daban yake da wanda mutum uku suka raba shi da A, domin na farkon mutum biyu ne kawai a tsakaninsu. Haka kuma a zaman layi, na uku daga ƙarshen hagu ba shi ne na uku a hagun wane ba. Mafi zurfi shi ne bambancin da yake tsakanin "wanda" da "kuma". In aka ce A yana hagun B wanda yake fuskantar C, B ne mai fuskantar. In aka ce A yana hagun B kuma yana fuskantar C, to, A ne. Daɗin daɗawa, wani lokaci akan cuɗanya tsarin zama da dangantaka, a ɓoye jinsin mutum har sai ɗalibi ya gano shi da kansa. Duk mai son mayar da irin wannan zuwa Hausa zai gamu da cikas, domin da wuya Hausa ta bari a yi magana a kan mutum ɗaya ba tare da an ce "yana" ko "tana" ba, sai asiri ya tonu tun a jimlar farko.

Batun bita

Tun da lokaci ƙanƙane ne, babu mai shiga ɗakin jarrabawa ya fara ƙirƙiro dabara. Masu shiri sukan fara da layi ɗaya mai fuskantar arewa, su wuce zuwa layi biyu masu fuskantar juna, sa'an nan da'ira da tebur mai kusurwa huɗu, daga ƙarshe su kai ga wanda aka ƙara wa kowane mutum sana'a ko gari ko launi. Da farko ba a duban agogo, sai hannu ya faɗa tukuna. Bita mai amfani kuwa ita ce wadda ake komawa a nemo ainihin sharaɗin da aka karanta a karkace. Wanda ya warware ɗari bai waiwayi kurakuransa ba, tushi kawai ya yi.

Har wa yau dole ɗalibi ya koyi sanin wanda zai bari. Tambayar da sharuɗɗanta suka raba hanya uku ko huɗu tun daga farko tana iya cinye rabin lokacin sashen, ga shi babu maki a kan zanen da bai ƙare ba. Gwanaye sukan ɗan leƙa duka tukuna, su fara da mai sauƙi.

Ko wannan gwaji yana auna abin da ma'aikacin banki yake bukata? Lalle akwai alaƙa, domin mai duba takardar rance ma karanta sharuɗɗa yake yi, yana neman inda suka ci karo. Amma fa ba a taɓa ba shi sakan 34 ba. Bugu da ƙari, abin da bita take iya ɗaga makinsa haka, ba basira kaɗai yake aunawa ba, har da yawan lokacin da mutum ya samu na zama da takarda. Ɗan birni da iyayensa suka biya masa makarantar share fage, ya shekara ba ya komai sai bita, da ɗan ƙauye da yake dawowa daga gona ya buɗe littafi da dare, minti 20 ɗin nan ɗaya ake ba su.