Adaka Biyu Daga Maƙera Ɗaya

Mutumin Gumel ba ya shiga kanti ya zaɓi ƙaramar bindigar hannu. Dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasisin shugaban ƙasa. Mafarautanmu adaka suka sani, wadda izininta ke hannun kwamishinan 'yan sanda.

Abin da ke damuna shi ne, maƙeri ɗaya zai ƙera biyu, wannan ta yi shekaru tana aiki, waccan ta tsage a harbin farko. Sau da yawa bututun ruwa ake mayarwa hancin bindiga, kaurinsa bai daidaita ba, kuma babu mai gwada ƙarfinsa kafin a miƙa wa mai saye. Na gaisa da wani tsohon mafarauci a Gagarawa, yatsu uku suka rage masa a hannun dama.